Lucky Dube: Mawaƙin da ya yaƙi wariyar launin fata da kiɗan rege

A ranar 18 ga watan Oktoba na shekarar 2007 ne 'yan fashi suka harbe Lucky Dube har lahira a wata unguwa ta birnin Johannesburg. Ya rasu yana da shekaru 43, bayan ya shafe kimanin shekaru 25 yana waƙa, ya kuma fitar da faifai 22 da harsunan Zulu da Turanci da Afrikaans.

Shi ne mawaƙin rege da ya fi kowa cinikin faifai a tarihin Afirka ta Kudu, kuma yana cikin 'yan ƙalilan daga nahiyar Afirka da mutanen Jamaika, ƙasar da aka haifi wannan kiɗa, suka yarda cewa sun iya shi.

Ƙuruciya cikin talauci

An haifi Lucky Philip Dube a ranar 3 ga watan Agusta na shekarar 1964 a garin Ermelo, wanda a lokacin yake gabashin lardin Transvaal, a yanzu kuma yake lardin Mpumalanga.

Iyayensa sun rabu tun kafin a haife shi. Mahaifiyarsa ta sha yin ɓari kafin ta same shi, shi ya sa ta raɗa masa suna Lucky, wato mai sa'a.

Sai dai sa'ar ba ta zo da wuri ba. Neman abin sawa a bakin salati ya sa mahaifiyar ta tafi aikatau nesa da gida, abin da ya sa kakarsa ce ta ɗauki yawancin nauyin renonsa tare da 'yan uwansa.

Wannan shi ne halin da dubban iyalan baƙar fata suke ciki a ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata, wanda aka kafa shi a hukumance tun shekarar 1948. Dokokin ƙasar sun ƙayyade inda baƙar fata zai zauna da inda zai yi aiki, don haka iyaye kan tafi birane da ma'adinai su bar 'ya'ya a hannun tsofaffi.

Tun yana ƙaramin yaro Lucky ya fara aikin gyaran lambu a gidajen mutane domin ya taimaka wa gida. Da ya ga abin da yake samu bai taka kara ya karya ba, sai ya shiga makaranta. A can ne ya shiga ƙungiyar mawaƙan makaranta, daga bisani shi da abokansa suka kafa ƙungiyar kiɗa mai suna Skyway Band. A makarantar ce kuma ya fara sanin aƙidar Rastafari.

Daga mbaqanga zuwa rege

Yana da kimanin shekaru 18 ya shiga ƙungiyar Love Brothers ta ɗan uwansa Richard Siluma, wanda daga baya ya zama mai shirya masa faifai. Kiɗan da suke yi shi ne mbaqanga, wani salo na Zulu da ya shahara a unguwannin baƙar fata. Kamfanin Teal, wanda daga baya ya koma ƙarƙashin kamfanin Gallo, shi ne ya ɗauke su.

Kasuwa ta buɗe masa a wannan fanni, domin kowane faifai nasa kan sayu kimanin dubu 30. Amma hankalinsa yana wani wuri. Ya daɗe yana sauraren mawaƙan Jamaika, musamman Peter Tosh da Jimmy Cliff, ya kuma lura cewa abin da suke faɗa game da zalunci da talauci ya yi daidai da halin da ƙasarsa ke ciki. Haka nan ya ga yadda jama'a ke ɗoki a duk lokacin da ya saka waƙar rege ɗaya ko biyu a wurin wasa.

A shekarar 1984 ya fitar da ƙaramin faifai na rege mai suna Rastas Never Die. Faifan bai yi kasuwa ba, kimanin dubu 4 kawai aka sayar, kuma a shekarar 1985 gwamnatin wariya ta haramta shi.

Wani mawaƙin da sai ya koma ga abin da ke kawo masa kuɗi. Lucky Dube bai koma ba. A shekarar 1985 ya fitar da Think About the Children, wanda ya samu karɓuwa ƙwarai, ya kuma tabbatar da cewa rege na da masu saye a Afirka ta Kudu.

Shekarun ɗaukaka

Faifan Slave na shekarar 1987 shi ne ya fito da sunansa fili, inda aka sayar da fiye da dubu 500. Duk wanda ya ji sunan faifan, wanda ke nufin bawa, zai zaci maganar siyasa ce, alhali waƙar tana magana ne a kan mutumin da giya ta bautar da shi, ta raba shi da mutuncinsa da iyalinsa.

Wannan na daga cikin dabarun da suka fisshe shi a zamanin da hukuma ke tace kowace waƙa kafin a saka ta a rediyo. Yakan ɗauki matsalar cikin gida ya rera ta yadda mai saurare zai hango matsalar ƙasa a bayanta.

A shekarar 1988, ana tsakiyar dokar ta-ɓaci, ya fitar da Together as One, inda ya ambaci wariyar launin fata da sunanta, ya yi kira ga baƙi da farare su haɗa kai. Waƙar ta samu shiga har gidajen rediyon da ke yi wa fararen fata shirye-shirye, abin da ba a saba gani ba a lokacin.

Sai Prisoner a shekarar 1989, wanda a cikinsa ya koka da yadda hukuma ta fi mayar da hankali ga gidajen yari a kan makarantu. A wannan faifai ne kuma akwai waƙar Remember Me, labarin yaron da mahaifinsa ya tafi birni neman aiki bai sake waiwayar gida ba. Masu saurare da dama sun ga ƙuruciyar mawaƙin kansa a cikinta.

A shekarar 1991 ya je Jamaika domin bikin Reggae Sunsplash, wanda shi ne babban dandalin wannan kiɗa a duniya a wancan zamani. Da ya gama wasa jama'a suka ƙi yarda ya tafi, sai da ya sake hawa dandamali. A shekarar ce kuma ya fitar da House of Exile, domin tunawa da 'yan gwagwarmayar da suka yi gudun hijira.

Faifan Victims na shekarar 1993 ya sayu fiye da miliyan ɗaya a faɗin duniya. A shekarar 1995 ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Motown na Amurka, sannan a shekarar 1996 aka ba shi lambar yabo ta mawaƙin Afirka da ya fi cinikin faifai a bikin World Music Awards.

Ya zaga ƙasashen Afirka da dama, ciki har da Najeriya da Ghana, inda kaset-kaset ɗinsa suka cika kasuwanni da motocin haya. Tare da Alpha Blondy na Kwaddibuwa da Majek Fashek na Najeriya, yana cikin waɗanda suka mayar da rege kiɗan gida a nahiyar. Ko da salon dancehall mai saurin kiɗa da na'urori ya mamaye Jamaika, shi ya tsaya a kan rege na asali, da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa da mata 'yan amshi.

Bayan faɗuwar wariya

An sako Nelson Mandela a watan Fabrairu na shekarar 1990, aka kuma yi zaɓen farko na kowa da kowa a watan Afrilu na shekarar 1994. Wasu sun zaci mawaƙa irin su Lucky Dube sun rasa abin faɗa.

Maimakon haka sai ya juya kan sababbin shugabanni. A faifan Taxman na shekarar 1997 ya tambayi inda kuɗin harajin talaka ke shiga. A The Way It Is na shekarar 1999 akwai waƙar Crime and Corruption, inda ya yi kukan yawaitar fashi da kisa da cin hanci. Faifansa na ƙarshe shi ne Respect, wanda ya fito a shekarar 2006.

A rayuwarsa ta yau da kullum ya saɓa wa abin da mutane da yawa ke zato game da masu tara gashi irin na Rasta. Ba ya shan giya, ba ya shan taba, ba ya kuma shan wiwi, abin da ya sha bayyanawa a fili.

Kisansa

Da daren 18 ga Oktoban 2007 ya kai biyu daga cikin 'ya'yansa gidan wani ɗan uwa a unguwar Rosettenville da ke kudancin Johannesburg. A nan ne wasu masu ƙwacen mota suka tare shi suka buɗe masa wuta. Ya yi ƙoƙarin tserewa da motar, amma bai yi nisa ba ya yi karo, ya cika a wurin.

Labarin ya girgiza ƙasar. Ya zo ne kwana biyu kafin wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya na ƙwallon zari-ruga a birnin Paris, wanda Afirka ta Kudu ta lashe, kuma Shugaba Thabo Mbeki ya yi kira ga 'yan ƙasar su haɗa kai su yaƙi miyagun laifuka. Kisan ya kuma ƙara tayar da muhawara a kan tsaro, ganin ƙasar na shirin karɓar baƙuncin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya a shekarar 2010.

An binne shi a kusa da garin Newcastle da ke lardin KwaZulu-Natal. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya bakwai, ciki har da Nkulee Dube, wadda ta gaji sana'arsa.

A ƙarshen watan Maris na shekarar 2009 wata kotu a Johannesburg ta samu mutane uku da laifin kisan, aka kuma yanke musu hukuncin ɗaurin rai da rai. A lokacin shari'ar an shaida wa kotu cewa maharan ba su gane shi ba, sun zaci wani ɗan Najeriya ne.

Wannan bayani ya yi wa 'yan Afirka da dama ciwo, domin ya nuna irin kallon da ake yi wa baƙi 'yan uwa baƙar fata a ƙasar da sauran nahiyar ta taimaka wajen 'yantar da ita. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana wa'azin cewa launi da ƙabila ba sa raba ɗan Adam, shi ne aka kashe a garinsu bisa zaton cewa baƙo ne.

Peter Tosh, wanda Lucky Dube ya ɗauka a matsayin abin koyi, shi ma 'yan fashi ne suka harbe shi a gidansa da ke birnin Kingston a shekarar 1987, shekaru 20 kafin kisan almajirin nasa.