Yaron da Ya Koya wa Yatsa Karatu

Mai karatu, ka rufe idonka, ka shafa takardan nan da yatsa. Ba ka ji kome ba, ko? Haka littafi ya ke ga makaho kafin zamanin Louis Braille.

An haife shi a 1809 a Coupvray, wani ƙauye kusa da Paris, cikin ƙasar Faransa. Ubansa baduku ne, mai ɗinkin sirdi da linzami. Yana da shekara 3 ya ɗauki basillar uban yana wasa, ta soke shi a ido. Ciwon ya kama ɗaya idon kuma. Da ya kai shekara 5, ba ya ganin kome.

Iyayensa ba su miƙa masa ƙoƙon bara ba. Suka sa shi makarantar ƙauye, yana koyo da kunne. A 1819 aka kai shi makarantar makafi a Paris. Littattafan wurin kaɗan ne, da manyan baƙaƙe masu tudu, yatsa ya daɗe yana lalube kafin ya gane guda.

Wani tsohon soja, Charles Barbier, ya fito da rubutun ɗige-ɗige masu tudu, har 12 a gida ɗaya. Louis ya ga sun fi ƙarfin kan yatsa. Ya yi ta huda takarda dare da rana, har ya mai da su 6: layi biyu a tsaye, uku-uku. Yatsa ya taɓa sau ɗaya, ya gane. Daga shidan nan a ke samun alamu 63. Shekararsa 15 sa'an nan. Ka lura, da tsinke mai kama da basillar da ta makanta shi a ke yin rubutun.

Ya zama malami a makarantar, yana kuma kaɗa molon iska a majami'u. Tarin fuka ya kashe shi a 1852. Sai a 1854 makarantar ta karɓi rubutunsa. A 1952 aka kai ƙasusuwansa makwancin manyan Faransa a Paris, amma aka bar hannuwansa a ƙauyensu.

To, ɗan'uwa, ko akwai yaro makaho a gidanka ko a garinku? Ido ne ya rasa, hankalinsa yana nan, yatsunsa kuma goma ne. Akwai makarantar makafi a Yamai. Kada ka bar shi zaune a zaure. Tashi ka tambayi hanya.