Muhammadu Bello Mai Wurno, Maigidan Masu Hijira a Bakin Kogin Nilu

'Yan uwa, a wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, ya dace mu tuna da mutumin da ya riga mu share hanyar da muke bi da kayanmu tsakanin ƙasar Hausa da Sudan.

Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ne, ɗan Ahmadu, ɗan Abubakar Atiku, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Laƙabinsa yana tuna Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna kuma aka binne shi.

A watan Maris na 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Attahiru ya ƙi zama a ƙarƙashinsu, ya ɗauki tuta ya nufi gabas, jama'a suka bar gidaje da gonaki suka bi shi. A Burmi, cikin ƙasar Gombe ta yau, sojojin Turawa suka cim masa, ya yi shahada ranar 27 ga Yuli, 1903. Nauyin waɗanda suka tsira ya dawo kan Mai Wurno. Shi ya ja su, da mata da yara da tsofaffi, suka ratsa ƙasashen Tafkin Cadi har suka shiga Sudan.

Sun fara sauka a garin Shehu Ɗalha, a gabar kogin da Larabawa ke kira Nilul Azraƙ. Daga baya suka haye ruwa suka kafa nasu garin a kudu da Sinnar, wajen 1906. Shi ne Mairuno, wanda ya ci sunan mai kafa shi.

Ikon Allah, Turawan da suka gudo wa su suka tarar suna mulkin Sudan. Hukuma ta yi ta sa masa ido, don tsoron kada ya ta da fitinar Mahadiyya. Mai Wurno bai sake zare takobi ba. Ya bi da su da haƙuri da dabara har suka amince da sarautarsa, ya samar wa mutanensa ƙasar noma. Alhazan ƙafa, Hausawa da Fulani da Barebari, suka mai da garin zango: a sauka, a yi noma, a tara guzuri, sannan a nufi Sawakin a haye zuwa Jidda. Da yawa ba su ƙara gaba ba, suka kafa ƙauyuka a bakin kogin.

Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, noman auduga na Jazira ya buɗe, gumin mutanenmu ya shiga cikinsa sosai, mafi yawa a matsayin 'yan ƙwadago. Yaransu suka tashi da Hausa ko Fulatanci a gida, Larabci a kasuwa. Wannan baki biyu shi ne jarin da jikokinsu suka shiga fatauci da tuƙin manyan motoci da shi.

Mai Wurno ya rasu a 1944, ɗansa Muhammadu Ɗahir ya gaje shi. Bayan shekara huɗu aka yi dokar da ta ce ɗan Sudan shi ne wanda zuriyarsa ke zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897. Masu hijirar Burmi sun iso bayan haka, don haka mutanen da aka haifa a Mairuno suka sha wahala kafin su sami takardar zama 'yan ƙasa, ana kiransu Fallata ko Takari. Abin da ya riƙe su shi ne abin da ya bar musu: gari guda, shugaba guda, da masu tsaya musu a gaban hukuma.

Duk wanda aka taɓa tsare masa kaya a kan iyaka saboda takarda ya san darajar mai tsaya masa. Aikin ƙungiya ke nan, kuma ba ya yiwuwa sai kowa ya biya kuɗinsa, ya zo taro, ya sauki ɗan uwansa baƙo.

Allah ya jiƙan Mai Wurno da waɗanda suka kwanta a Burmi, ya kawo wa Sudan zaman lafiya, amin.