Eugen Sandow: Mutumin da ya gina jiki ba tare da tara tumbi ba

Bara na hau sikeli a wani ɗakin shan magani, ma'aikaciyar ta duba tsawona da nauyina ta ce lafiyata ƙalau, babu abin ragewa. Na yi godiya na fito, amma ni na san abin da riga ta rufe: damtse kamar kara, ga 'yar teɓa tana leƙowa. Wannan ne ya kai ni wurin samarin da ke ɗaga ƙarfe a bayan layinmu, inda ake cika gwangwani da siminti a soka masa bututu. A jikin bango akwai hoton wani zakaran gasar Mista Olympia riƙe da ɗan mutum-mutumin tagulla. Kowa ya san sunan zakaran, amma da na tambayi siffar wane ne a hannunsa, sai wuri ya yi tsit. Shi ne na bi sawun mutumin, kuma tarihinsa nake so mu duba yau.

An haife shi ranar 2 ga Afrilu 1867 a birnin Königsberg na ƙasar Prussia, wanda yanzu ake kira Kaliningrad a ƙarƙashin Rasha. Sunansa na yanka Friedrich Wilhelm Müller. Yadda shi ya bayar da labarin kansa, wai yaro ne mai laulayi, har mahaifinsa ya tafi da shi Italiya, ya ga gumakan Girkawa da Rumawa na dā a gidajen tarihi, ya ƙudurta sai jikinsa ya zama haka. A 1885 ya bar gida don guje wa aikin soja na dole, ya bi 'yan wasan yawo gari-gari, ya sauya suna zuwa Eugen Sandow. A Brussels ya haɗu da wani gwanin ɗaga ƙarfe da ake kira Farfesa Attila, kuma a hannunsa ya koyi ɗaga nauyi bisa tsari, ana ƙara masa kaɗan-kaɗan.

Sai mun san yadda ƙarfafan wancan zamani suke kafin mu gane abin da ya sa ya fita daban. Yawancinsu ƙatti ne masu tumbi kamar randa. Louis Cyr na Kanada, alal misali, nauyinsa ya haura kilo 130. Mutane sun ɗauka ƙarfi da ƙiba Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Shi kuwa Sandow matsakaicin mutum ne, nauyinsa kilo 80 da 'yan kai. Idan ya sa kwat, ba ka bambanta shi da ma'aikacin banki.

Hakan ta faru a Landan a 1889. Wani mai suna Sampson yana wasa a zauren Royal Aquarium, ya sa fam 100 ga duk wanda ya iya yin abin da yaronsa Cyclops yake yi. Sandow ya hau dandamali cikin kayan fita, 'yan kallo suka yi ta yi masa dariya. Da ya tuɓe sai dariya ta tsaya. Ya kayar da Cyclops, bayan 'yan kwanaki ya koma ya gama da maigidan nasa. Daga ranar sunansa ya cika Ingila.

A 1893 ya tafi Amurka, inda Florenz Ziegfeld ya ɗauke shi wasa a Chicago lokacin babban bajekolin duniya. Ziegfeld ɗan kasuwa ne mai ido, ya lura jama'a sun fi son kallon jikin fiye da ƙirga nauyin ƙarfen. Sai aka mayar da hankali kan tsayuwa da murɗa ƙwanji a ƙarƙashin fitila, abin da masu gina jiki suke yi har gobe. A 1894 kamfanin Edison ya ɗauke shi a ɗan gajeren fim, yana cikin finafinan farko a duniya. Amma fa ba duka aka yi nasara ba. A wannan shekarar aka shirya masa kokawa da zaki a San Francisco, aka sa wa zakin takunkumi aka naɗe masa farata, dabbar ta ƙi faɗa, 'yan kallo suka yi ta ihu. Na kawo wannan ne don mu tuna tun farko akwai talla da dabarar ciniki a cikin harkar.

Da ya koma Landan ya buɗe makarantar horar da jiki a 1897, ya fitar da littafi kan ƙarfi da yadda ake samunsa, a 1898 ya fara buga mujalla. A nan ne labarinsa ya taɓa ni. Akasarin ɗalibansa ba masu ƙiba ba ne. Akawuna ne da 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis, mutane irina, waɗanda nauyinsu daidai yake amma jikin ya saki. Ya sa suna auna ƙirji da ƙugu da damtse da cinya da tef, su rubuta, bayan wani lokaci su sake aunawa. Shi kansa an ce ya auna gumakan gidajen tarihi don ya fitar da ma'aunin da yake nema. Ilimin yau ya ba shi gaskiya a nan: tsoka ta fi kitse nauyi idan girmansu ɗaya, saboda haka mutum na iya rage kitse ya ƙara tsoka sikeli bai motsa ba. Tef ɗin tela ne zai gaya maka gaskiya.

Ranar 14 ga Satumba 1901 ya shirya babbar gasar gina jiki ta farko a zauren Royal Albert Hall. Alƙalai uku ne: shi kansa, da mai sassaƙa Sir Charles Lawes, da Arthur Conan Doyle, marubucin labaran Sherlock Holmes. William Murray ne ya zo na ɗaya. Kyautar kuwa ɗan mutum-mutumin Sandow ne riƙe da ƙarfe, kuma irinsa ake bai wa zakaran Mista Olympia tun 1977. Shi ne wanda na gani a bangon samarinmu. Bayan haka ya yi yawon duniya har Indiya da Afirka ta Kudu da Ostareliya, ya zama ɗan ƙasar Birtaniya a 1906, a 1911 kuma Sarki George na Biyar ya naɗa shi malamin horar da jikinsa.

To amma akwai inda nake da ja da shi. Sandow ya sayar wa jama'a da ƙananan ƙarafa marasa nauyi, har da wani mai sifirin a tsakiya da ake matsawa a hannu, ana nuna kamar su ne sirrin jikinsa. Alhali kuwa ƙarfe mai nauyi ne ya gina shi tun a wurin Attila. Ƙaramin ƙarfe yana da amfani ga mai farawa, amma tsoka ba ta girma sai ana ƙara mata aiki fiye da wanda ta saba. Wannan salon ciniki bai mutu ba. Yau ma za ka ga ƙato a Facebook yana tallar gari a gwangwani ko bel ɗin ɗaure ciki, shekarun da ya yi yana zufa kuwa ba ya ambatarsu.

Akwai kuma abin da nake yawan gaya wa ɗan yayata, wanda abokai suka fara zuga shi ya yi allurar ƙara tsoka. Sai a 1935 masana suka iya haɗa sinadarin testosteron a ɗakin gwaji, shekara goma bayan mutuwar Sandow. Ke nan duk jikin da ya girgiza Landan da Chicago, da ƙarfe da abinci da barci aka gina shi. Allurar kuwa tana iya taɓa zuciya da hanta, ta kuma rage wa namiji ƙarfin haihuwa.

Ƙarshensa bai yi daɗi ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa Turawan Ingila ƙyamar duk abin da ke da ƙamshin Jamus, kamfaninsa na koko ya durƙushe. Zamansa da matarsa Blanche, uwar 'ya'yansa mata biyu, ya yi tsami. Ya mutu a Landan ranar 14 ga Oktoba 1925 yana da shekara 58. Jaridu sun danganta mutuwar da wahalar da ya sha wajen ciro mota daga rami shi kaɗai. Matar ta sa aka binne shi a maƙabartar Putney Vale ba tare da ko alama a kan kabarin ba, haka ya zauna fiye da shekara 70. Mutumin da aka zuba siffar jikinsa don ajiyewa a gidan tarihi na Landan, ga yadda ya ƙare. Duniya ke nan.

Ni dai abin da na ɗauka daga rayuwarsa kaɗan ne, kuma shi nake bi. Ina ɗaga ƙarfe sau uku a mako, ina ƙara nauyi ko yawan ɗagawa a hankali. Ban shiga yunwa ba, domin mai daidaitaccen nauyi idan ya matsa wa cikinsa, tsokar da yake nema ita ma za ta zube. Na rage lemon kwalba da sukarin shayi, na ƙara wake da ƙwai da kifi da nono. Masana sun ce mai neman tsoka yana buƙatar kimanin giram 1.6 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato kusan giram 110 ga mai kilo 70, ƙwai ɗaya kuwa yana da wajen giram 6. Ina ƙoƙarin yin barcin awa bakwai zuwa takwas. Mai hawan jini ko ciwon zuciya, don Allah ya fara ganin likita kafin ya taɓa ƙarfe.

Wata takwas ke nan yanzu. Sikeli yana nan kusan inda na bar shi, amma tela ya rage mini ƙugun wando, hannun riga kuma ya fara kama ni. Ɗan yayata ya ga haka ya karɓi aron tef ɗina, har yau bai dawo da shi ba, ni kuma ban tambaya ba.