Marigayi Yinka Dare, Haifaffen Kano

A Kano aka haifi Yinka Dare cikin 1972, amma a Ikko wani lauya ya hango tsawonsa, ƙafa bakwai, ya buɗe masa hanyar zuwa Amurka wasan ƙwallon kwando. Bayan shekara biyu a Jami'ar George Washington, kulob ɗin New Jersey Nets ya ɗauke shi cikin 1994. Minti uku kacal ya buga, ciwon gwiwa ya cinye sauran shekarar. Wasa 110 ya yi a NBA, daga nan ya shiga yawon neman abinci a ƙananan gasannin CBA da USBL. Ya rasu da ciwon zuciya ran 9 ga Janairu, 2004, yana ɗan shekara 31, can nesa da mahaifarsa.