Alhaji Musa Ɗanƙwairo, Makaɗin Kotso

Daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, da wuya a sami gidan da ba a taɓa jin muryar Musa Ɗanƙwairo ba. Shi kuwa mutumin wannan yanki ne na yammacin Zamfara. An haife shi wajen shekarar 1909 a Ɗankadu, wani ƙauye na ƙasar Bakura, arewa da Anka. A lokacin nan ba a daɗe da zuwan Turawa ba, gama a 1903 suka ci Sakkwato. Babu kuma Jihar Zamfara, don ita sai a 1996 aka kafa ta. Duk garuruwan nan a cikin Lardin Sakkwato suke a zamanin.

Sunan ubansa Usman Ɗankwanda. Manomi ne, kuma makaɗi. Gidansu da kiɗan noma aka san su. In an yi gayya, manoma suka jeru bisa kuyya, sai makaɗa su bi bayansu suna kiɗa, suna kiran sunan kowane jarumi, suna zuga shi, har a gama gonar ba wanda ya tuna da gajiya. Daga baya Usman ya zama makaɗin Sarkin Kayan Maradun, ya koma kiɗan fada.

A cikin mutanen Usman akwai wani mai suna Ƙwairo, wanda Allah ya ba zaƙin murya. Da Musa ya fara bin ubansa wurin kiɗa, tun yana ƙanƙane, sai aka ji muryarsa ta yi kama da ta mutumin nan, aka riƙa ce masa Ɗanƙwairo. Sunan ya bi shi har ya kusa danne na yanka.

To, ɗan makaɗi ba ya fara sana'a da waƙar kansa. Sai ya ɗauki kayan kiɗa tukuna, ya tsaya baya yana sauraro. Sa'an nan a bar shi ya shiga amshi, sa'an nan ya koyi kiɗa. Haka Musa ya yi. Da ubansu ya rasu, sai wansa Kurna ya gaji shugabancin ƙungiyar, aka naɗa Musa Daudun Kiɗi, wato mataimakin shugaba. Ya daɗe ƙwarai yana bin wansa, ko da yake kowa ya san muryarsa ta isa ta ja waƙa. Cikin shekarun nan ne ya haddace asalin gidajen sarauta, ya san wane ya haifi wane, da garin da kowane sarki ya ci da yaƙi.

Abin kiɗansu kotso ne. Kotso ɗan ƙaramin ganga ne mai siririn tsakiya kamar kalangu, amma baki ɗaya kaɗai ake rufe masa da fata, ɗayan a buɗe yake. Akan liƙa wani abu mai danƙo a tsakiyar fatar, ana kiransa nake, don ya gyara amon. Ba a kaɗa kotso da makaɗi na itace, da yatsu ake kaɗa shi, ana matsa tsarkiyoyinsa don muryarsa ta hau ko ta sauka. Kiɗa ne na sarakuna, kamar taushi. Ibrahim Narambaɗa na Isa shi ma kotso ya kaɗa, haka kuma Sa'idu Faru.

A ƙasashen Turai, kamar Jamus da Italiya, mai tsara kiɗa yakan zauna da takarda ya rubuta kowane sauti da wasu alamomi, ya miƙa wa makaɗa su karanta. Ɗanƙwairo ba haka ya yi ba. Duk waƙoƙinsa a ka ya tsara su, a ka kuma ya ajiye su. Da fari akan nemi gindin waƙa, wato 'yan kalmomin nan da 'yan amshi ke komawa kansu kullum. Gindi shi ne mai wuya, domin in bai zauna daidai da kiɗa ba, waƙar duka ta lalace. In ya samu, sai a yi ta ɗora masa ɗiya, ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan ya faɗi kakannin sarki, wani ya yabi kyautarsa, wani ya gargaɗe shi ya riƙe talakawa da adalci. Sa'an nan a yi ta maimaitawa a gida, har kowa ya riƙe nasa.

Inda Ɗanƙwairo ya yi fice shi ne wajen sarrafa 'yan amshinsa. Ba su tsaya ga maimaita gindi kaɗai ba. Yakan fara magana ya sake ta a tsakiya, su cafe su ƙarasa. Wani lokaci waɗansu su ɗauka, waɗansu su karɓe daga bakinsu, muryoyi suna bin juna ba tare da sun yi karo ba. Wannan shi ake kira karɓeɓeniya. Mai sauraro yakan zaci abin da sauƙi, amma mutum guda in ya makara da ƙiftawar ido, sai kowa ya ji.

Bayan ya kafa ƙungiyarsa, ya zauna a Tsafe wurin 'Yandoto Alhaji Aliyu na Biyu, ya yi masa waƙoƙi masu yawa. Amma abin da ya kai sunansa ko'ina a Arewa shi ne waƙoƙin da ya yi wa Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, wanda ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Wadda aka fi sani cikinsu ita ce Mai Dubun Nasara. A 1962 aka buɗe gidan rediyon Kaduna. Nan da nan waƙar da dā sai wanda ya je ƙofar fada ke jin ta, ga ta ta shiga rumfunan kasuwa da zaurukan ƙauye. Ran 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka kashe Sardauna a Kaduna. Makaɗin fada kuwa da ubangidansa yake tsaye, saboda haka rashin ya taɓa Ɗanƙwairo ƙwarai. Duk da haka bai ajiye kotso ba. Ya yi wa Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar waƙa, da Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, da waɗansu sarakuna da hakimai da dama.

Sarakuna sukan ba makaɗi doki da riguna da kuɗi, daga baya har da mota. Ba don yabo kaɗai ake girmama shi ba, ana kuma tsoron bakinsa. Ɗanƙwairo gwani ne wajen zambo da habaici. Yakan siffanta ɗan sarkin da ke jayayya da ubangidansa, ya kwatanta tafiyarsa ko rowarsa, bai kama suna ba, amma duk garin an gane ko wane ne. Jama'a su yi ta dariya, shi kuwa wanda aka yi wa, abin ya bi shi har tsufa. Ba kullum ne wanda aka yi wa zambo ke da laifi ba, wani lokaci iyakarsa dai ya nemi sarauta bai samu ba.

Ko da ya yi suna, har ya je aikin hajji, bai raina noman da ya gada ba, yana da waƙoƙin da ya yabi manoma a ciki. Bai kuma sake harshensa don mutanen birni ba. Da Hausar yamma ya yi waƙa, irin wadda ake yi a kasuwannin Anka da Gummi.

Ya rasu ran 13 ga Satumba, 1991, yana da shekara fiye da 80. 'Ya'yansa suka ci gaba da kiɗan gidan. Waƙoƙinsa da aka ɗauka a faifai da kaset su ne suka tsira da muryarsa. Malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano sun rubuta tarihinsa, ɗalibai kuma suna nazarin waƙoƙin a jami'o'i.