Lady Jane Grey

Lady Jane Grey (an haife ta wajen shekarar 1537, ta mutu ranar 12 ga Fabrairu, 1554) 'yar gidan sarautar Ingila ce da aka fi sani da laƙabin Sarauniyar Kwana Tara. An ayyana ta a matsayin sarauniya ranar 10 ga Yuli, 1553, aka tuɓe ta ranar 19 ga watan, sannan aka fille mata kai bayan wata bakwai, tana da shekara 16 ko 17. Tattaɓa-kunnen Sarki Henry na Bakwai ce ta wajen uwa. Wannan jini ne ya sa manyan fada suka riƙa ƙulla zancen aurenta tun tana 'yar shekara goma, kuma auren haɗin da aka yi mata da Guildford Dudley shi ne ya kai ta gadon sarauta, ya kuma kai ta gaban hauni.

Asali da dangi

Mahaifinta Henry Grey babban basarake ne mai gida da gandu a Bradgate, cikin yankin Leicestershire. A 1551 aka ba shi sarautar Duke na Suffolk, wadda tana cikin mafi girman muƙaman da ake ba wanda ba ɗan sarki ba. Mahaifiyarta Frances Brandon 'ya ce ga Mary Tudor, ƙanwar Sarki Henry na Takwas. Jane ce babba a cikin 'ya'ya mata uku, tana da ƙanne biyu, Katherine da Mary.

Dokar gadon sarauta ta 1544 da wasiyyar Henry na Takwas sun jera magada kamar haka: ɗansa Edward, sai 'ya'yansa mata Mary da Elizabeth, sai zuriyar Frances. Amma doka ta ci gaba da ɗaukar Mary da Elizabeth a matsayin waɗanda ba a haifa ta auren halak ba, domin an warware auren iyayensu mata. Wannan ya bar ƙofar gardama a buɗe. Ƙari a kan haka, saɓanin Daura, inda tarihin baka ya kawo jerin sarauniyoyin da suka yi mulki kafin zuwan Bayajidda, Ingila ba ta taɓa naɗa mace ta mulki ƙasar da kanta ba kafin wannan lokaci.

Ilimi da riƙo

Jane ta samu ilimi mai zurfi da ba kasafai 'yan matan zamaninta ke samu ba. Ta yi karatun Latin da Girkanci da Ibrananci a wajen malaminta John Aylmer, ta kuma koyi Italiyanci. A 1550 malamin nan Roger Ascham ya ziyarci Bradgate ya same ta tana karanta littafin masanin falsafa Plato cikin Girkanci, alhali sauran mutanen gida sun tafi farauta. Ascham ya rubuta daga baya cewa ta koka masa da tsananin iyayenta, ta nuna cewa wajen karatu ne kawai take samun sakewa. Ta tashi a kan aƙidar Furotesta, tana kuma musayar wasiƙu da Heinrich Bullinger, babban malamin wannan ɗariƙa a birnin Zurich.

A 1547 aka ba da riƙonta ga Thomas Seymour, kawun sabon sarki Edward na Shida, wanda ya auri Katherine Parr, matar da Henry na Takwas ya mutu ya bari. Seymour ya shawo kan mahaifinta da alkawarin kuɗi da kuma cewa zai haɗa aurenta da yaron sarkin. Katherine Parr ta mutu bayan haihuwa a Satumba 1548, Jane ce ta jagoranci masu makoki a jana'izarta. A Maris 1549 aka kashe Seymour bisa laifin cin amanar ƙasa, zancen aurenta da sarki ya bi ruwa, ta koma gaban iyayenta.

Aure

A farkon 1553 Sarki Edward, mai shekara 15, ya kamu da ciwon huhu mai tsanani. Wanda ke tafiyar da mulki a madadinsa shi ne John Dudley, Duke na Northumberland, shugaban majalisar sarki. Shi da Henry Grey suka daidaita a kan a aurar da Jane ga ɗansa Guildford Dudley, matashi mai kimanin shekara 18. Wasu marubutan Italiya na wancan ƙarni sun ruwaito cewa Jane ta ƙi amincewa da farko, sai da iyayenta suka matsa mata.

An ɗaura auren ranar 25 ga Mayu, 1553, a Durham House, gidan Northumberland da ke Landan. Aure uku aka ɗaura a wannan rana: Jane da Guildford, ƙanwarta Katherine da ɗan basaraken Pembroke, sai 'yar Northumberland da magajin basaraken Huntingdon. Da haka manyan gidaje huɗu suka zama surukan juna a yini guda. Masana tarihi sun kasu biyu a kan manufar auren. Wasu na ganin tun farko Northumberland ya shirya shi ne don jawo sarauta gidansa. Wasu kuma na ganin irin auren ƙulla zumuncin da manyan gidaje suka saba ne, sai rashin lafiyar sarki ya ba shi wani nauyi daga baya.

Sarautar kwana tara

Edward bai so yayarsa Mary ta gaje shi ba, domin 'yar Katolika ce kuma yana tsoron za ta rushe gyaran addinin da aka yi a zamaninsa. Ya rubuta takardar gado da hannunsa, inda da farko ya bar sarauta ga 'ya'ya mazan da Frances ko 'ya'yanta za su haifa. Da ya ga ajali ya matso babu namiji ko ɗaya, sai ya gyara rubutun ya sa Jane ita kanta. A watan Yuni manyan ƙasa sama da 100 suka sa hannu a takardar, amma majalisar dokoki ba ta zauna ta tabbatar da ita ba.

Edward ya mutu ranar 6 ga Yuli. Ranar 9 ga wata aka kira Jane gidan Syon aka shaida mata ita ce sarauniya. Bisa bayanin da ta aika wa Mary daga baya, ta firgita ta yi kuka, kuma ta karɓa ne ba da son ranta ba. Washegari aka kai ta Hasumiyar Landan, tsohuwar ganuwar da sababbin sarakuna ke zama kafin naɗi, wadda kuma ake tsare manyan fursunoni a ciki. A nan ne ta yanke hukuncin da ya ba surukanta mamaki: ta ƙi yarda a naɗa mijinta sarki, ta ce iyakarta ta ba shi muƙamin Duke. Wannan ya jawo saɓani tsakaninta da Guildford da mahaifiyarsa.

Ita kuwa Mary ta tsere zuwa gabashin Ingila, ta tara magoya baya a ganuwar Framlingham. Jama'a da dama na ganin ita ce magajiyar gaskiya a matsayinta na 'yar Henry na Takwas. Ranar 14 ga Yuli Northumberland ya fita da mayaƙa don kamo ta. Yana barin Landan, majalisar sarki ta juya masa baya, ta ayyana Mary a matsayin sarauniya ranar 19 ga Yuli. Jane ta wayi gari fursuna a inda ta shiga a matsayin sarauniya. An kama Northumberland a Cambridge, aka kashe shi ranar 22 ga Agusta.

Shari'a da kisa

Ranar 13 ga Nuwamba, 1553, aka gurfanar da Jane da Guildford a zauren Guildhall na Landan, tare da 'yan'uwansa biyu da babban limamin coci Thomas Cranmer. Hujjar da aka kafa a kanta ita ce takardun da ta sa wa hannu da sunan sarauniya. Ta amsa laifi, aka yanke mata hukuncin kisa. Duk da haka Sarauniya Mary ta nuna niyyar barin ta da rai, domin ta ɗauke ta yarinyar da manya suka yi amfani da ita.

Abin da ya sauya lamarin shi ne tawayen Thomas Wyatt a Janairu 1554, wanda aka tayar don hana Mary auren Yarima Philip na Sifen. Babu hannun Jane a ciki, amma mahaifinta, wanda aka riga aka yafe wa, ya shiga. Daga nan fada ta ga cewa muddin tana raye, duk mai son tayar da fitina zai iya fakewa da sunanta. An jinkirta kisan kwana uku don limamin sarauniya John Feckenham ya jawo ta zuwa Katolika. Ta saurare shi cikin ladabi, amma ta ƙi sauya aƙidarta.

Da safiyar 12 ga Fabrairu aka fille wa Guildford kai a bainar jama'a, Jane ta ga gawarsa daga taga lokacin da aka dawo da ita a keken doki. Ita kuma a cikin harabar Hasumiyar aka kashe ta, gaban mutane kaɗan. Bayan an ɗaure mata idanu ta kasa lalubo gungumen da za ta ɗora wuyanta, sai da wani ya kama hannunta ya kai ta. An binne su biyun a ƙaramin cocin St Peter ad Vincula da ke cikin ganuwar. Ranar 23 ga Fabrairu aka kashe mahaifinta.

Bayan mutuwarta

An warware auren ƙanwarta Katherine da ɗan Pembroke da zarar gidan Grey ya faɗi. Daga baya ta yi wani aure a ɓoye ba da izinin Sarauniya Elizabeth ba, aka tsare ta, ta mutu a 1568 tana da shekara 27. Mahaifiyarsu Frances ta sake aure, ta mutu a 1559.

Mabiya Furotesta sun ɗauki Jane a matsayin wadda ta mutu saboda addininta, John Foxe ma ya sa labarinta a littafinsa na 1563. Ƙaramin littafin addu'ar da ta yi rubutu a gefensa tana tsare yana Ɗakin Karatu na Birtaniya. Zanen da Bafaranshe Paul Delaroche ya yi a 1833, wanda ke nuna ta sanye da fararen kaya tana laluben gungumen, yana rataye a gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Landan.