Janusz Korczak: Likitan da ya buɗe wa yara jarida, ya kuma ƙi rabuwa da su ranar mutuwa

Ranar 18 ga watan Yulin 1942, a cikin unguwar da sojojin Jamus suka killace Yahudawan birnin Warsaw, wasu marayu suka gabatar da wasan kwaikwayo a gaban baƙi. Yunwa ta riga ta rame da 'yan wasan da masu kallon. Bayan kwana huɗu aka fara kwashe mazauna unguwar zuwa sansanin kisa na Treblinka, kuma kafin mako uku su cika, layi ya zo kan yaran da tsohon likitan da ke riƙe da su.

Sunansa na yanka Henryk Goldszmit. An haife shi a Warsaw a 1878 ko 1879, lokacin da birnin ke ƙarƙashin daular Rasha. Mahaifinsa lauya ne mai rufin asiri, amma taɓin hankali ya kama shi, ya rasu a 1896, dukiyar gidan ta ƙare a jinya. Tun yana ɗalibi Henryk ya shiga koyar da 'ya'yan masu kuɗi domin ciyar da mahaifiyarsa da 'yar'uwarsa. Sunan Janusz Korczak kuwa na alƙalami ne, da shi ya shiga wata gasar rubutu a 1898, ya kuma bi shi har ƙarshen ransa.

Ya karanta likitanci a Jami'ar Warsaw, ya yi aikin likitan soja a yaƙin Rasha da Japan, sannan ya yi shekaru a asibitin yara. A 1912 ya ajiye aikin asibitin, ya karɓi ragamar wani gidan marayun Yahudawa da ke titin Krochmalna tare da Stefania Wilczyńska, matar da ta ɗauki nauyin harkokin gidan na yau da kullum har shekara talatin, wadda kuma tarihi bai cika ba ta haƙƙinta ba.

Tsarin gidan ne ya fitar da sunansa. Yaran suna da majalisarsu, suna da jaridar da ake karantawa a bainar kowa duk mako, suna kuma da kotu wadda alƙalanta yara ne. Kowa na iya kai ƙarar kowa, har malamai, kuma shi kansa Korczak ya gurfana a gabanta fiye da sau ɗaya. Yawancin sassan dokar kotun sun karkata ga yafiya. A ganinsa yaro cikakken mutum ne tun yau, wanda ya cancanci a saurare shi kamar yadda ake sauraren babba, kuma wannan ra'ayi ne ya shimfiɗa a littattafansa na tarbiyya da kuma labarin yaron da ya gaji sarauta, Sarki Matt na Farko.

Ranar 9 ga Oktoban 1926 ya fitar da Mały Przegląd, jaridar mako-mako da ke fitowa kowace Juma'a a cikin wata babbar jaridar Yahudawan Warsaw. Yara da ɗaliban sakandare ne marubutanta da wakilanta. Suna aiko wasiƙu da rahotanni kan makaranta, wasanni, fina-finai, zaluncin wani malami ko saɓani da iyaye, ana kuma biyan su ɗan ladan rubutu. Wanda ya san aikin ɗakin labarai zai gane girman abin da Korczak ya yi a nan: ya hana manya goge muryar yaran da sunan gyara. A 1930 ya miƙa editancin ga sakatarensa, Igor Newerly. Bugu na ƙarshe ya fito ranar 1 ga Satumban 1939, ranar da Jamus ta afka wa Polan.

A Nuwamban 1940 aka tilasta wa gidan marayun komawa cikin killatacciyar unguwar. Wajen ƙaurar aka ƙwace musu keken dankali. Korczak ya tafi ofishin Jamusawa neman a mayar, ba tare da ɗaura ƙyallen da aka wajabta wa Yahudawa a damtse ba, aka yi masa duka aka jefa shi kurkukun Pawiak. Da ya fito, jikinsa bai sake komawa daidai ba. Duk da haka kullum yakan bi gida-gida da buhu yana roƙon abinci da kuɗi domin yara kusan 200. A cikin gidan kuma ba a daina darasi ba, ba a rufe kotu ba, yaran na rubuta littattafan tunaninsu na kullum, ana kuma shirya kaɗe-kaɗe da wasanni.

Wasan da suka yi a watan Yulin nan na Rabindranath Tagore ne, marubucin Indiya, mai suna Gidan Waya. Labarin wani yaro ne, Amal, da ciwo ya tsare a ɗaki, yana hira da masu wucewa ta taga, yana jiran wasiƙa daga sarki, har barcin ƙarshe ya ɗauke shi. Wata malamar gidan, Estera Winogron, ce ta horar da 'yan wasan. Da wuya a ce zaɓen wannan labari ya zo bisa kuskure, domin mutumin da ya yi aikin likita a yaƙe-yaƙe uku ya san abin da ke tafe.

Abokansa na wajen katanga, ciki har da Newerly, sun nemi fitar da shi da takardun bogi, ya ƙi. Ranar 5 ko 6 ga Agustan 1942 aka fito da yaran a jere, shi da Wilczyńska da sauran ma'aikata suna tare da su, suka taka har dandalin da ake loda mutane a taragun jirgin ƙasa. Babu wanda ya dawo daga cikinsu.

Littafin da ya riƙa rubutawa da dare a watanninsa na ƙarshe ya tsira, aka buga shi a 1958. Bayan shekara 20, Polan ta gabatar wa Majalisar Ɗinkin Duniya daftarin da ya zama Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989. A filin Treblinka a yau akwai duwatsun tunawa kimanin 17,000, wasu ɗauke da sunayen garuruwan da aka kwaso mutane. A kan ɗaya daga cikinsu an sassaƙa sunan Janusz Korczak, da sunansa na yanka, da kalmar yara.